Kaskon Iya da Gashin Zabuwa

Zuwa ga Malama Adawiyya,

Assalamu alaikum. Malama, don girman Allah ki taimake ni, kuma in da hali ki sa amsar takardar nan ta fito kafin Alhamis mai zuwa. Sau uku ina rubutawa ina yagawa. Damuwata ba irin wadda aka saba kawo miki ba ce, babu saurayi a ciki, babu faɗuwa jarrabawa. Wani abu na gani da idona a cikin faranti, tun daga ranar kuma abinci ya daina yi mini daɗi.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan fili suna da irin tunanin da nake da shi a da, wato magani iri biyu ne, na gargajiya da na asibiti, kuma dole ɗaya ya zama gaskiya ɗaya ya zama ƙarya. Da wannan tunanin na shiga ɗakin gwaji, ina jiran a ɗaga hannun gwanina kamar a filin dambe. Abin da na tarar bai bi ta nan ba ko kaɗan.

Ni ɗaliba ce, shekarata ashirin da biyu, ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, ɓangaren gwaje-gwaje. Yanzu haka ina sanin makamar aiki a ɗakin gwajin wani asibiti a Dutse. Gidanmu yana wani ɗan gari a ƙasar Kiyawa, gidan malamai ne. Sunayen da zan ambata duk na aro ne, ki yi haƙuri, garinmu ƙarami ne.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ta raine ni tun daga yaye. Duk yankinmu an san ta da maganin makero, wannan zoben mai ƙaiƙayi da ke fitowa a fata, wanda in ya hau kai ya cinye gashi ake ce masa ƙora. Maganin yana cikin wani ɗan baƙin kasko mai murfi. Kakana, marigayi Malam, shi ya fara haɗa shi da hannunsa, ya yi tofi a ciki. Yau shekararsa goma sha huɗu da rasuwa, kuma tun daga ranar Iya ba ta taɓa bari kaskon ya ƙare ba, ba ta kuma taɓa wanke shi ba. In ya yi ƙasa, kamar sau uku ko huɗu a shekara, sai a daka sabo a zuba a kan tsohon a gauraya. Ta ce tofin Malam yana nan a gindi, daga shi sabon yake ɗaukar albarka. Ba zan faɗi duk abin da ake sa wa ba, amma akwai man kaɗe da ganyen lalle, akwai kuma tafarnuwa, wannan kam duk mai hanci ya sani. Ni nake dakawa tun ina 'yar shekara tara.

Da gashin zabuwa ake shafawa, guda uku a ɗaure da zaren fata. In ɗaya ya gaji sai a sauya shi a bar biyun, don kada a rabu da na da baki ɗaya. Kowace Alhamis da hantsi mata sukan cika tsakar gidanmu da 'ya'yansu. Iya ba ta karɓar ko kwabo, ta ce sadakar Malam ce. Ta tsoma gashin a kasko, ta shafa wa mai makero, ta mayar ta sake tsomawa, ta shafa wa na gaba. In ta gama da marasa lafiyar sai ta bi kan 'yan'uwansu da suka yo rakiya ta ɗan goga musu, wai riga-kafi. Ki riƙe wannan, Malama, domin nan ne zuciyata take tsayawa.

Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi binciken kammalawa a kai, ban yi dogon tunani ba. 'Yan ajinmu sun daɗe suna tsokanata, wai jikar boka ta zo koyon aikin Bature. Na ce bari in rufe musu baki da rula da lissafi. Na je gida ranar Asabar, na jira Iya ta ta da sallar walha, na ɗebi cokali guda daga kaskon na zuba a kwalba. Ban tambaye ta ba. Na gaya wa kaina ai in sakamako ya fito zan kawo mata albishir, ta yi dariya ta yafe.

Shugaban ɗakin gwajin, Malam Maharazu, dattijo ne marar yawan magana. Da na gaya masa niyyata ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Yarinya, faranti ba shi da kaka.” Na yi dariya a lokacin.

Ga yadda muka yi, ko da wani mai karatu bai taɓa gani ba. Ƙwayar makero dangin fumfuna ce, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita a fatar mutum take ci. Muka kankaro ɗan ɓawon fata daga gefen makeron yaran da aka kawo asibiti, muka shuka a faranti mai murfi wanda aka zuba wa abincinta, wani abu mai kama da kokon da ya sandare. Da ta tsiro muka shimfiɗa ta a sabon faranti, muka huda ramuka huɗu. A na farko muka sa man shafawa na kantin maganin asibiti. A na biyu muka sa wani man da na saya a kasuwa wajen masu talla a tire, irin wanda mata suke rububinsa. A na uku Malam Maharazu ya matsa sai na daka sabon haɗi irin na Iya a ranar na sa. Na ce masa ai duk ɗaya ne da na kaskon, ya ce in ɗaya ne faranti zai faɗa. A na huɗu na sa na kaskon, da bisimilla. Ƙa'idar ita ce, in magani yana aiki za a ga fili fes kewaye da raminsa, inda fumfunar ta kasa matsowa, sai a auna faɗin filin da rula.

Ranar da muka buɗe akwatin da muka ajiye farantin a ciki, na ɗauko rula da ɗoki. Na asibiti ya yi da'ira mai faɗin milimita ashirin da huɗu. Na kasuwa babu komai, fumfuna har bakin rami. Sabon haɗin da na daka ya yi goma sha uku. Na kaskon Iya, Malama, babu ko ɗigo. Na juya farantin sama da ƙasa, na duba lambar da na rubuta ko na rikita ramukan. Ban rikita ba. Wani abin ma, fumfunar ta fi kauri a wajen.

Malam Maharazu ya daɗe yana kallon wannan kaurin. Sai ya tambaye ni da me ake shafa maganin. Na gaya masa. Ya ce in samo masa ɗan guntun gashin. Na koma gida na sake yin abin da na yi da farko, na sa reza na yanko bakin gashin zabuwar Iya tana kan sallaya. Muka ɗora guntun a farantin da ba a shuka komai a ciki ba, muka ɗiga na kaskon a wani shi ma wanda babu komai. Kwana tara. Duka biyun suka tsiro, fari sol kamar auduga. Malam Maharazu ya ɗebo ya sa a madubin hangen ƙwayoyin cuta, ya duba, ya ja baya ya ce in duba da kaina. Irin wadda muka kankaro daga kan yaran ce, ba ta da maraba. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, da farar rigata da komai.

Wato shekara da shekaru abin da muke tsomawa muna shafa wa 'ya'yan mutane, har da lafiyayyu, cutar ce da kanta.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Yayana Sharhabilu yana da 'ya, Safa, shekararta biyar, mai cikar gashi, har makitsiya takan yi ƙorafin hannunta ya gaji. Wata biyu da suka wuce ina gida ranar Alhamis. Iya ta gama da yaran maƙwabta ta ƙwala wa Safa kira ta zo a yi mata riga-kafi. Yarinyar ta gudu bayan rumbu, ta ce wari yake. Ni na bi ta na kamo ta. Ni na riƙe kanta a cinyata ina lallashi, Iya ta goga mata gashin a tsaga uku. Yau Safa tana da ƙora wuri uku, gashin wajen ya kakkarye, ta daina cire ɗankwali ko a cikin ɗaki. Kuma duk Alhamis Iya tana yi mata magani da wannan gashin dai, tana cewa ciwon ne mai taurin kai.

Za ki ce in je in faɗa mana. Wa zan gaya wa? Tun da aka ƙaddamar da shari'a bara, Yaya Sharhabilu ya sa wa kaskon nan ido, yana cewa ajiye tofin mamaci a kasko ba shi da asali, Baba ne kawai yake taka masa burki. In ya ji cewa ciwon kan 'yarsa daga nan ya samo asali, wallahi a gaban matan gari zai rotsa kaskon, kuma Iya ta haura saba'in, ban san ko za ta ɗauki wannan kunyar ba. Baba kuwa shi ya tsaya tsayin daka na yi karatu, lokacin da abokansa malamai suke ce masa boko zai sa in raina gida. In na buɗe baki na tabbatar musu da zancensu ke nan, za a ce ta je Dutse wata shida ta dawo tana ƙaryata addu'ar kakanta. Ni kuwa ban ƙaryata addu'a ba. Gashin zabuwa na gwada.

Makon jiya da na je, Iya ta tare ni da tsokanar da ta saba, ta ce, “Likita ba allura, in kin gama wasa da farantan Bature ki zo in koya miki na gaske.” Ta dama mini fura da hannunta. Na kasa sha, na ce cikina ne.

Saura mako uku in miƙa rahoton bincikena. Malam Maharazu ya ce abin da na gani shi zan rubuta. Na yi tunanin in cire rami na huɗu daga rahoton, in ce uku na gwada. Na yi tunanin in sace gashin in sauya da sabo ba tare da ta sani ba, amma kaskon fa? Na yi tunanin in ture shi ya fashe in ce kaza ce. Duk wanda na ɗauka sai in ga ƙarya ce a kan sata. Ga Alhamis tana ta matsowa, mata za su zo da 'ya'yansu lafiyayyu, ni kuma na sani.

Malama, yaya zan yi?

Taki,
Jikar Mai Kasko

*

'Yata Jikar Mai Kasko,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso ni ranar Asabar, na ture na gabanta na sa taki domin ta riga Alhamis. Ba zan ɓoye miki ba, da na kai wajen farantin da ya tsiro daga gashin sai da na ajiye takardar. Shekara goma sha tara na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, na sha gaya wa ɗalibai cewa cuta tana bin mataji da aska, amma ban taɓa kawo gashin shafa magani a raina ba. To, ki share hawaye mu yi aiki, lokaci ya ƙure.

Safa ce farko, kafin kasko, kafin rahoto. Ƙora ba a saman fata kawai take ba, cikin silin gashi take shiga har saiwa, inda man shafawa ba ya kai wa, na Iya ne ko na asibiti. Ƙwayar magani ake sha, makonni shida zuwa takwas, yadda likita ya tsara gwargwadon nauyin yaro. Wannan kin karanta shi a aji, kuma gaskiya ce da za ki iya gaya wa yayanki yau ba tare da kin ambaci kasko ba. Ki ce ya ba ki ita ki kai ta Dutse cikin makon nan. A ware mata matajinta da ɗankwalinta da matashin kanta, a dakata da kitso. In an fara da wuri gashi yakan dawo. Game da riƙe kanta da kika yi, ba ni da tabbacin daga gashin ta ɗauka, ke ma ba ki da shi, domin yara suna ɗauka wajen makitsiya, da wajen wasa, har daga jikin kyanwa da akuya. Zato mai ƙarfi ne dai, kuma ya isa a dakatar da gashin. Amma hannun da ya riƙe ta da ƙauna cikin rashin sani ba shi ne abin tuhuma ba. Wanda zai yi shiru bayan ya sani, shi ne.

Yanzu ki sake ɗauko farantinki mu karanta tare, domin firgici ya sa kin karanta rabi kin bar rabi. Haɗin da kakanki ya bari ya yi da'irar milimita goma sha uku. Bai kai na asibiti ba, amma ya kori cutar, alhali man da aka saya da kuɗi a kasuwa, mai kwali da rubutun Turanci, bai kore ta ko taku ɗaya ba. Kin ga ke nan maganin Iya bai faɗi ba. Ajiyarsa ce ta faɗi. Ƙarfin tafarnuwa daga daka yake tashi, kuma ba ya daɗewa, kwanaki kaɗan a zafin ƙasarmu ya tafi, sai man kaɗe ya rage. Wannan man kuwa sai ya zama ma'ajiyar duk ɓawon fatar da gashin ya kwaso daga kai ya mayar ciki. Gashin tsuntsu da gashin mutum da farce duk abu ɗaya aka yi su da shi, kuma shi ne abincin wannan fumfuna. Wato gashin zabuwa ba ɗaukar ta kawai yake ba, ciyar da ita yake. Ina kyautata zaton waɗanda suka warke a hannun Iya, suka yaɗa sunanta, yawancinsu sun dace da makon da aka zuba sabo ne. Sunan da ta yi ba na banza ba ne.

Man kasuwar nan ma kada ki wuce shi da sauri don ba na kakarki ba ne. Ko jabu ne, ko rana ta kashe shi a tire, ko kuma irin wanda yake kwantar da ƙaiƙayi ne kawai ya bar cutar tana yaɗo. Ki kai wa Malam Maharazu kwalinsa ya san inda zai kai maganar. Yaran da ake shafa wa shi sun fi na tsakar gidanku yawa.

Sai kuma ɗan ja miki birki. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ki maimaita sau uku, ki bar faranti guda a rufe ba ki sa masa komai ba, don ki tabbatar ba daga hannunki ko iskar ɗakin fumfunar ta shiga ba. Ki tuna faranti ba fata ba ce, abin da ya yi da'ira a can ba lallai ya yi daidai haka a jikin mutum ba, kuma ɗanyar tafarnuwa in ta yi yawa tana ƙona fatar yaro. Duk wannan ki rubuta shi a rahoton. Rami na huɗu kuwa ba ya fita. Ba sai kin sa sunan gari ko na gida ba, ki ce wani haɗin gargajiya da aka daɗe ana ajiyewa. Amma ranar da kika fara goge abin da kika gani don ya yi wa wani daɗi, ranar kika bar aikin nan, ko da kina sanye da farar riga. Gobe jinin wani za a miƙo miki.

Maganar kaza ta ture kasko ma ki bar ta. Tsohuwar da ta yi shekara goma sha huɗu tana kallon abu kullum za ta san wanda ya taɓa shi. Ban cire ran ta riga ta ga inda reza ta bi ba, tana jira ne ki faɗa.

Ga shawarata. Ki je gida ranar Laraba, ki sami Iya ita kaɗai, domin sana'arta ce, bai kamata ta ji a bakin wani ba. Ki fara da naki laifin: ki durƙusa ki ce kin ɗebar mata magani kin yankar mata gashi ba izini, ta yafe miki. Wanda ya fara da kunyar kansa ya sauƙaƙa wa na gaba tasa. In Malam Maharazu ya yarda, ki tafi da farantan a liƙe da salatif, kada a buɗe, ki mayar masa a ƙona. Ki fara nuna mata rami na uku, ki ce wannan haɗin Malam ne, ga yadda ya kori cutar, ga na kasuwa da ya kasa. Ki bar ta ta ji daɗin wannan sosai, haƙƙinta ne. Sannan ki nuna sauran. Kada ki yi mata lacca. Macen da ta san ba a zuba sabuwar madara a ƙwaryar da ba a wanke ba, ba ta buƙatar a fassara mata.

Babu wanda ya ce a fasa kaskon, ko ma a wanke shi. A rufe shi da abin da ke ciki, a ɗaure murfin, a ajiye shi inda aka ajiye allon Malam da gafakarsa. Daga nan kowace Alhamis da safe a daka ɗan kaɗan na ranar, a shafa da auduga, kowane yaro da tasa, a jefa a wuta. Mai makero a jiki a shafa masa, in mako biyu bai ja baya ba a tura shi asibiti. Mai ƙora a kai a tura shi tun ranar. Lafiyayyen da ya yo rakiya kuwa addu'a ta ishe shi riga-kafi, ba sai an taɓa kansa ba.

In kun gama, ku shiga wajen Baba tare. Kina tsoron ya ji kamar kin raina addu'a, ni kuwa ina ganin ya fi kowa saurin ganewa, in kika yi masa magana da karatun da ya sani. Shi yake koyar da cewa ruwan da ƙazanta ta sauya wa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba a alwala da shi, ko daga rijiyar mahaifinsa aka ɗebo, kuma wannan bai zama raina rijiyar ba. Ya kuma san addini ya hana cuta da cutarwa. Sadakar Malam ita ce yaro ya warke, ba yumɓun ba. Shi Baba shi zai gaya wa yayanki, bayan an riga an gyara, lokacin da babu sauran abin rotsawa. Yana da haƙƙin ya sani, 'yarsa ce, kuma in ransa ya ɓaci kada ki ga laifinsa. Amma hujjarki daban, tasa daban, kada ki ba shi aron taki ya yi faɗan da ba naki ba.

Ba zan yi miki alkawarin Iya za ta karɓa da murmushi ba. Mai yiwuwa ta yi kuka, domin abin da za ki ce ta rufe shi ne abu na ƙarshe da numfashin mijinta ya taɓa. Mai yiwuwa ta yi kwana da kwanaki ba ta kira ki da sunan tsokanar nan ba. In ta ƙi sam, ki wuce wajen Baba ke kaɗai a ranar, domin duk yadda za a yi, gashin nan ba zai hau kan yaro ba ranar Alhamis. Fushin kaka yana hucewa, kin fi ni sanin haka. Tabon ƙora in ya zauna a kan 'ya mace, da shi take girma.

Masu karatu da ke jin abin ya yi nisa da su, ga gwajin da ba ya buƙatar faranti. Ku daka tafarnuwa yau ku rufe a gwangwani. Bayan mako ku daka wata sabuwa, ku shinshina duka biyun. Hancinku zai gaya muku abin da ya tafi. Sannan ku duba gidanku ku ga mataji nawa ne ga kai nawa.

Ke kuwa 'yata, tunda za ki maimaita gwajin, kada ki sake satar komai. Ki roƙi Iya ta daka na wannan karon da hannunta, ki kai Dutse ki sa a rami na uku. Ranar da da'irar ta fito, ki kawo mata farantin, ki miƙa mata rular ta auna da kanta. Ki gwada ki gani. Ta ce za ta koya miki na gaske, to ga ranar ta zo da kowaccenku za ta koya wa 'yar'uwarta.

Allah ya ba Safa lafiya, ya sa makitsiya ta sake yin ƙorafin gajiyar hannu. Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya zuciyar Iya, ke kuma ya ba ki sa'ar jarrabawa da ƙarfin halin Laraba.

Malama Adawiyya